Rimin kurmi da rimin gari icce ɗaya ne? Kuma zai yi a bakin Gulbin Maraɗi?

Sani Direba: Assalamu alaikum 'yan gurup, ina kwananku. Ku duba hoton ga da na sako, hanyar Abijan ce bayan an wuce Yamusukuro, icce ɗaya tsaye tsakar gonar koko, duk abin da ke kewaye da shi an sare, shi kaɗai anka bari. Yaron motata na tsaye gindinshi, ku neme shi cikin hoton in kuna iya ganinshi. Mutanen wurin fromaje suke ce mashi, amma wani Bahaushe mai saida goro ya ce mani wai rimi ne, rimin da munka sani ƙasar Hausa. Ni dai raina bai kwanta ba, rimin da na sani Katsina da Zariya bai kai rabin wanga ba. Masu sani ku raba mu.

Ɗan Tibiri: Wa alaikumus salam. Sani wanga ba rimi ba ne. Rimi ai shina da rassa tun daga ƙasa-ƙasa, yara na hawa. Wanga kuwa dubi gangar jikinshi, ta miƙe sambal babu reshe ko ɗaya sai can bisa, ga gindin ya buɗe hwalle-hwalle. Wani icce ne na kurmi dai.

Rakiya Faki: Ina kwananku iyayena. Kawu Sani mai goron nan gaskiya ya faɗa maka, rimi ne. Sunansa a littafi Ceiba pentandra, mun yi shi a darasin itatuwa nan jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Abin da ya sa kamanninsu suka bambanta shi ne wurin da kowanne ya tashi. A cikin kurmi itatuwa sun cunkushe, rana ba ta kai ƙasa, shi kuma rimi ba ya jure inuwa ko kaɗan, to dole ya yi ta miƙewa sama da sauri yana zubar da rassan ƙasa har sai ya fi kowa tsawo sannan ya buɗe kansa. Can yakan kai mita 50, 60, wasu ma har kusan 70. Wanda ya tashi a fili kuwa ba wanda yake tsere da shi, rana ta ishe shi ta ko'ina, sai ya yi rassa da wuri ya tsaya gajere. Kuma masana sun daɗe suna rarrabe shi kashi uku, na kurmi mai ƙaya da ƙaton gindi, na ƙasashen fili wanda bai cika wuce mita 20 ba, da na noma wanda ake shukawa don audugarsa. Amma duk jinsi ɗaya ne. In kana son tabbatarwa ka dubi ganyen da ya faɗo, 'yan ganye 5 zuwa 9 ne suke fitowa daga wuri ɗaya a kan sanda guda.

Ɗan Tibiri: To ɗiyata gurjiya hwa? Ita ma tana yin auduga, ita ma da ƙaya jikinta.

Rakiya Faki: Gurjiya 'yar uwarsa ce Kawu, amma daban take, ita Bombax ce. Furenta babba ne ja ko ruwan lemo, ana hango shi daga nesa lokacin sanyi, ita kuma tana jure fari da gobarar daji saboda kaurin ɓawonta. Furen rimi ƙanana ne, fari-fari, a dunƙule. Danginsu dai babba ne, kuka tana ciki, auduga, kuɓewa, rama, yakuwa, lalo, har goro da koko duk gida ɗaya aka sa su yanzu.

Ibro na Kumasi: Salam jama'a, ni nan Kumasi nike zaune, bari in sa baki. Abin da Sani ya ɗauko kullum muna ganinshi, Asantawa onyina suke kiranshi. Hoto ba ya nuna gindin nan yadda yake wallahi. Saiwoyin ne suka fito bisa ƙasa suka tashi kamar katangu, sirara amma masu faɗi, wasu sun fi mutum biyu tsawo, tsakanin ɗaya da ɗaya akwai lungu da za ka shimfiɗa tabarma ka kwanta ba wanda ya gan ka. In ka buga da hannu sai ka ji yana amsawa. Ƙananan kuma jikinsu kore ne shar, da ƙayoyi gajeru masu kauri tun daga ƙasa, in ya tsufa sai jikin ya koma toka-toka ƙayar ƙasan ta kakkaɓe. Abin da ni ban gane ba, mi ya sa icce mai girma haka bai tura saiwa ƙasa can ciki ba, sai ya baza ta bisa?

Baba Garba Gandun Daji: Ibro tambayarka ta yi kyau. Mu nan mun saba da gawo, shi saiwarshi ƙasa take nutsawa mita da mita tana biɗar ruwa, don ruwan namu can ƙasa yake. Kurmi ba haka ba ne. Mutane na zaton ƙasar kurmi ta fi kowace ƙasa taki don sun ga duhun itatuwa, alhali ruwan sama mai yawa ya daɗe da wanke ta, abincin icce duk yana cikin 'yar shimfiɗar bisa, ganyen da ya zubo ya ruɓe da gaggawa saboda zahi da laima, saiwoyi su tsotse nan take. Kenan icce ba shi da wata riba ya nutsa, sai ya baza. To icce mai mita 60 da kai mai faɗi bisa, iska na kaɗa shi, saiwa ba zurhi, mi zai riƙe shi? Shi ne waɗanga katangun da ka gani, su ke tokare shi ta kowane gehe. Shi ya sa kuma in anka sare kurmi anka noma shekara kaɗan sai ƙasar ta mutu, don abin da ke ciyar da ita shi anka kawar.

Sani Direba: Baba Garba Allah shi ƙara sani. To amma mi ya sa sunka bar shi shi kaɗai cikin gonar? Ko tsoronshi suke?

Ibro na Kumasi: Duka biyu Sani. Akwai masu girmama shi, za ka ga an ɗaura farin ƙyalle a gindi, ba mai taɓawa. Akwai kuma wahalar sara, da can da gatari sai an kafa dandamali sama da katangun kafin a samu wurin sara, kuma in ya faɗi sai ya kwashe rabin gona. Koko kuma yana son 'yar inuwa. Amma yanzu da injin yanka icce ba a barinshi, manyan motoci na wucewa da gungumenshi zuwa masana'anta, wani gungume ɗaya ya cika mota.

Rakiya Faki: Akwai wani dalili ma da yake sa manoman koko su sare shi. Cutar nan da ke kumbura rassan koko ta kashe shi, wadda aka fara ganowa a Gana a 1936, tana iya zama a jikin rimi, wasu ƙananan ƙwari su ɗauko ta su kai wa koko. To malaman gona sukan ce kada a bar shi kusa da gona.

Malam Lawali Kafinta: Tunda an zo ga katako bari mai sana'a ya yi magana. Sunanshi ya fi katakonshi. Fari ne, ba nauyi, ƙusa na shiga ba gardama amma kuma ba ta kamawa da kyau, in ka bar shi ga laima kwana kaɗan sai ya yi baƙi-baƙi, gara da ƙwaro kuwa abincinsu ne. Ban yi wa mutum ƙohwa ko gado da shi, in kana son abin da jikanka zai gada ka nemi loko ko maɗaci. Amfaninshi sai ga akwati, ga katakon da magina ke zuba kankare ciki su ɓamɓare, da kuma kontirfilake, wato falankin da ake yi da siraran katako manne da juna, can ne ake cinye shi da yawa don yana feruwa siriri-siriri ba ya tsagewa. Farin katakon da ke shigo mamu kasuwa daga kudu gauraye yake, wani na iccen obece ne wani na rimi, mai saye bai san bambanci ba, shi dai ya ga fari da araha. Ni da hannu nike ganewa, rimi in ka danna farce sai ya shiga.

Ibro na Kumasi: Malam Lawali rashin nauyin nan shi ya sa masunta ke sassaƙa kwale-kwale da shi, gungume ɗaya jirgi ɗaya.

Hajiya Mariyama: Ku duk katako kuke ta magana kun manta da audugar. Mu da munka tashi kafin katihwar soso ta cika gari, matashin kai da katihwa na amarya da audugar rimi ake cika su, 'yan kasuwa ke kawo ta cikin buhu daga kudu. Ba ta da zahi irin na soso, in ta kwanta sai a fidda ta rana a bubbuga da sanda ta sake tashi. Kakata takan zauna da faifai tana tsince 'ya'yan baƙaƙe daga ciki, tana ɗaure hanci da kallabi don tana tashi tana shiga hanci da ido, kuma ko fitila ba a kusantowa, wuta na taɓa ta shi kenan ta tahi gaba ɗaya. Abin da ban taɓa gani ba shi ne a kaɗa ta a yi zare, kullum cikawa dai ake da ita.

Rakiya Faki: Inna ai ba ta kaɗuwa da mazari. Silinta gajere ne, santsi gare shi kuma yana karyewa, ba ya riƙe ɗan uwansa yadda audugar gona take yi. Kowane sili rami ne a cikinsa cike da iska, bayansa kuma da wani maiƙo da ke hana ruwa shiga, shi ya sa ba ta nutsewa, tana iya ɗaukar ninkin nauyinta sau 20 ko fiye a kan ruwa. Rigunan ceton rai na jiragen ruwa da ita ake cika su har lokacin yaƙin duniya na biyu, kafin roba ta maye gurbinta, kuma a lokacin tsibirin Jaba na Indonesiya ne ya fi kowa fitar da ita. Shi iccen kuwa don 'ya'yansa yake yin ta, kwanson ya bushe ya fashe, iska ta ɗauki audugar da irin a ciki ta kai nesa, ko a samu wanda zai faɗa inda wani babban icce ya faɗi rana ta samu shiga. Kwanso ɗaya yakan ɗauki iri wajen 200, babban icce kuma kwansonsa ɗaruruwa ne har dubbai.

Mushe Haruna: Hajiya kin tuno mani da abin da yaran yanzu ba su sani ba. Lifidin da 'yan lifida ke sa wa kansu da dawakinsu zamanin yaƙi, da audugar rimi ake cusa shi a ɗinke, kibiya ta zo ta maƙale ba ta kai ga nama ba, ga shi ba nauyi doki na iya gudu. Lahaninshi shi ne wanda kika faɗa, wuta, shi ya sa abokan gaba ke harbo kibiya mai wuta. Duk ƙasar Hausa har Barno haka ake yi. Kenan rimi ba baƙo ba ne gare mu, dubi sunayen wurare, Rimi ta jihar Katsina, Rimin Gado ta Kano, Unguwar Rimi ta Kaduna, Zariya kuwa da rimayenta anka san ta. Ba banza anka ce rimi adon gari ba. Amma ku lura da wani abu, ƙasar Hausa rimi cikin gari yake ko bakin kasuwa ko kusa da rahi, ba ka shiga daji ka tarar da shi ya yi kurmi da kanshi kamar sabara ko kalgo. Hannun mutum ne ya kai shi, mutum ya tsare shi daga awaki da wuta.

Rakiya Faki: Haka ne Mushe. Kuma abin da zai ba ku mamaki, asalinsa can ƙetaren teku ne, Amurka ta tsakiya da ta kudu. Sauran 'yan jinsinsa duk can suke, shi kaɗai ne ake samu a Afirka.

Ɗan Tibiri: A'a ɗiyata nan kam ban bi ki ba. Komi sai a ce daga waje anka kawo mamu? Iccen da kakanninmu sunka yi lifidi da shi tun Turawa ba su zo ba?

Rakiya Faki: Kawu ban ce Turawa suka kawo shi ba, ya riga su da nisa. An samu garin furensa a cikin tsohuwar lakar tafkin Bosumtwi kusa da Kumasi, mai shekaru fiye da 10,000. A 2007 wani masani Christopher Dick na jami'ar Mishigan da abokan aikinsa suka gwada ƙwayoyin halittar rimin Afirka da na Amurka, suka ga kusan babu bambanci. Da tun lokacin da nahiyoyin biyu suka rabu ne, shekaru wajen miliyan 100, da sun bambanta sosai. To abin da suka fahimta shi ne irin ya ƙetaro Atilantika da kansa, ko ruwa ya ɗauko kwanson ko iska, tunda audugar ba ta nutsewa. Namu ne, Allah ne ya kawo shi ba jirgi ba.

Ɗan Tibiri: To mi ya hana a ce daga nan ya tahi can? Ruwa ai ba hanya ɗaya yake bi ba.

Baba Garba Gandun Daji: Ɗan Tibiri hujjarsu ita ce inda dangi sunka fi yawa nan ne gida. Can akwai jinsuna fiye da goma na wanga dangi, nan ɗaya tak. Amma tambayarka ba ta banza ba ce.

Mushe Haruna: Can ma darajarshi babba ce. Mutanen Maya na da sun ɗauke shi icce mai tsarki, Gwatamala ta maishe shi iccen ƙasa, Honduras akwai birni sukutum mai sunanshi, La Ceiba. Nan Afirka ku dubi tutar Ikwatoriyal Gini, iccen da ke tsakiya shi ne. Na Firitawun kuma babban birnin Saliyo, wanda tarihinshi ke haɗe da 'yantattun bayin da sunka sauka wurin a 1792, har kan kuɗinsu an buga shi, guguwa da ruwa sunka kada shi ranar 24 ga Mayu 2023. Na ga hotunan, mutane sun taru suna kallon kututturen kamar an yi rasuwa, ni kaina abin ya taɓa ni.

Hajiya Mariyama: Mu dai da muna yara hana mu ake zuwa gindin rimi da tsamiya da magariba, wai gidan iskoki ne, da dare kuma ana jin motsi da kuka bisa.

Malam Lawali Kafinta: Hajiya wanga camfi ne, icce baiwar Allah ne ba ya cuta ba ya magani sai da izininShi.

Baba Garba Gandun Daji: Motsin da ake ji gaskiya ne Hajiya, jemagu ne. Rimi na zubar da ganyenshi da rani, wajen Disamba zuwa Janairu sai ya yi fure shina tsirara ba ganye. Furen ba ya buɗewa sai rana ta faɗi, da wani wari mai tsami-tsami, ga ruwan zaƙi da yawa ciki. Jemagu su taho su yi ta lasa suna tsalle daga wanga reshe zuwa wancan, garin fure ya manne ga gashinsu su kai ga wani icce, haka yake samun barbara. Da sahe ƙudan zuma su zo su kwashe saura, kafin rana ta take furen ya zube. Rashin ganyen ma hikima ce, jemage na samun hanya, daga baya kuma iska ta samu ɗaukar audugar ba abin da ya tare ta. Kuma Malam Lawali ko da camfi ne, ni da na yi aikin daji na ga amfaninshi, itatuwa da yawa da sunka tsufa tsoron ga ne ya hana gatari kai gare su. Yanzu tsoron ya tahi, ba mu kuma sa wani abu madadinshi ba.

Abdu Mai Lambu: Salam alaikum, tun ɗazu nike karatu ban ce komi ba. Ni tambayata ta aiki ce. Ina da lambu cikin fadama hanyar Madarunfa, ruwa ba nisa, in na samu iri in shuka zai yi? Ina son in bar wa ɗiyana abin da za a riƙa hangowa daga nesa.

Ɗan Tibiri: Abdu kada ka wahal da kanka. Ruwan da muke samu shekara wajen milimita 500 ne kawai, wata huɗu ne damanar, Yuni zuwa Satumba, saura duk rani da iska mai ƙura. Iccen da ya saba da ruwa kusan kullum ina zai iya? Ka shuka mangwaro ka ci, ko bedi ka samu inuwa.

Rakiya Faki: Ta fannin ruwan sama Kawu yana da gaskiya, inda rimi ya fi jin daɗi ana samun milimita 1500 zuwa sama, kuma ranin bai da tsawo irin namu. A tudu cikin jigawa ba zai yi ba sam. Amma fadama wani abu ne daban, ko a ƙasashen fili ai bakin kogi yake bi, in saiwarsa ta samu damshi yana rayuwa. Kawai kada Kawu Abdu ya sa ran irin na hoton nan, zai samu rimi irin na gari, ba na kurmi ba.

Baba Garba Gandun Daji: Ni abin da ke damuna ba ko zai yi ba ne, ruwan fadamar kanta ne. Waɗanda sunka girme ni sun ba da labarin yadda kwarin ga yake da duhun itatuwa, tsohon garin Maraɗi ai cikin kwari yake sai da ambaliyar 1945 ta sa anka hau tudu. Yanzu gulbi na zuwa ya wuce da wuri, ga madatsar Jibiya can sama, ga foraj, wato rijiyoyin burtsatse, ko'ina kowa na ja da inji. Rimi mashayin ruwa ne, inuwarshi kuma faɗi gare ta, duk abin da ke ƙarƙashi na tumatir da albasa sai ya ja baya, saiwarshi na tahiya nesa tana ɗaga gini tana shiga rijiya. In kowa ya ce zai sa rimi lambu mun yi ɓarna. Abin da ya maido da itatuwa ƙasar ga ba baƙon icce ba ne, sassaben zamani ne, wanda Tony Rinaudo ya fara da manoman yankin ga a 1983, a bar kututturen da ke cikin gona ya toho a gyara shi. Da shi anka samu wajen hekta miliyan 5 sun farfaɗo tsakanin Maraɗi da Damagaram, gawo da kalgo da sabara da aduwa, ba wanda ya ɗauki bokiti ya ba su ruwa. Wanga shi ne ginshiƙi. Rimi kuwa a sa ɗaya-ɗaya inda ya dace, bakin kasuwa, filin makaranta da ke kusa da kwari, gehen tabkin Madarunfa.

Abdu Mai Lambu: Baba ni ma ɗaya nike so, ba gona zan yi ba. Akwai kusurwa can ƙarshen lambu wajen gulbi da ba na noma ta.

Sani Direba: Baba Garba maganar ruwan ga ta sa na tuna, hanyar nan da nike bi daga Buwake zuwa Abijan, ɓangarenta na kudu wai da duk kurmi ne, yanzu koko ne da roba da kwakwar manja, sai ka shiga Abijan ka ga ɗan abin da ya saura dajin Banko. Tsohon direban da ya koya mani mota ya ce zamaninsu da rana tsaka sai ka kunna fitila wani wuri.

Mushe Haruna: Ƙididdiga ta goyi bayan maigidanka Sani. Farkon ƙarni na 20 ana ƙiyasta kurmin Kodebuwa wajen hekta miliyan 16, ƙidayar da sunka yi a 2021 ta nuna bai kai miliyan 3 ba. Babban abin da ya saura shi ne gandun Tayi can yamma wajen iyakar Laberiya. Kuma kada mu ce ba ruwanmu. Iskar da ke kawo mamu damana daga tekun Gini take tasowa, ta bi ta bisa kurmin ga kafin ta iso nan, itatuwan kuma ruwan da sunka sha suna maida shi sama ta ganye, iska ta ƙara ɗauka ta yo arewa da shi. Masana da yawa na ganin sare kurmin bakin teku na iya taɓa damanar Sahel. Katakon araha da muke saye nan, da buhun gawayi, duk muna cikin lissahin.

Malam Lawali Kafinta: Mushe gaskiya ce mai ɗaci amma mi za mu yi, mutum ya zo da jika biyar yana son tebur, ba ni da abin ba shi sai farin katako. Da ana shuka shi can yadda ake sarewa da ba matsala, ai na ji saurin girma gare shi.

Rakiya Faki: Sosai Baba, yana cikin masu saurin girma, shi ne ma yake fara fitowa a gonar da aka bari ta koma saura a kurmi. Wanda aka shuka yakan fara 'ya'ya a shekara 4 zuwa 5. Amma ƙaton da ke cikin hoton Kawu Sani ba aikin shekara 20 ba ne, kuma ba shi kaɗai ake rasawa ba in ya faɗi, a kan rassansa akwai wasu tsirrai da ke zaune ba sa taɓa ƙasa, da tsuntsaye masu sheƙa can ƙoli, da jemagun da Baba Garba ya faɗa.

Ibro na Kumasi: Abdu in kana so wajen Fabrairu ko Maris kwanson ke bushewa nan, sai in tsinto maka in ba wani mai mota.

Baba Garba Gandun Daji: Ibro an gode amma kada ka aiko na Kumasi. Irin kurmi ya saba da laima, in ya sha iskar hunturu da zahin Afirilu na nan da wuya ya kai. A nemo daga rimin da ya riga ya tsufa ƙasa mai kama da tamu, Katsina ko Kano ko Zariya, wanda ya ga rani ya jure. Abdu ga yadda za ka yi. A ciro kwanson ya yi ruwan ƙasa amma bai fashe ba, a shanya ya buɗe da kanshi, ka fidda irin. Kada ka aje shi ya shekara, mai gare shi, shina lalacewa. Ka jiƙa shi kwana ɗaya ka sa cikin leda da ƙasa da taki, cikin sati biyu za ka ga ya tsiro. Ka raine shi inuwa kaɗan-kaɗan kana fiddo shi rana, in damana ta zauna wajen ƙarshen Yuli ka dasa, ko ka bari ranar 3 ga Agusta ta dashen itatuwa. Ana kuma iya sare reshe mai kauri a kafa, shina kamawa, amma na iri ya fi saiwa mai ƙarhi. Ka nisanta shi da rijiya da gini aƙalla taki talatin, ka kewaye shi da ƙaya don awaki na son ganyen, kuma rani biyu na farko kada ka yi mashi rowar ruwa.

Abdu Mai Lambu: Na gode Baba, na rubuta duka. Sani kai ke shiga Katsina, in lokacin ya yi ka tuna da ni.

Sani Direba: Ba damuwa Abdu, ƙanena na bin hanyar Jibiya zuwa Zariya, zan sa shi ya tambayi masu rimi kusa da gida su ciro mashi kafin ya fashe. In an samu da yawa sai Baba Garba ya raba ma wanda ke da wuri cikin kwari.

Hajiya Mariyama: To in kun fidda irinku kada ku zubar da audugar, ku tara mani ita cikin buhu ku ɗaure baki da kyau, ina da jika da za a yi wa aure bayan salla, ko matashi biyu ne in cika mata.